Yadda ake sake wa tsohuwar kujera riga

Da zarar masara ta shiga buhu a Doguwa da Tudun Wada, shinkafa ta bar gonakin da ke shan ruwan Tiga, sai bukukuwan aure su kankama, iyaye su hau lissafin kayan ɗaki. Tun 2023 da aka cire tallafin mai, naira kuma ta faɗi, kuɗin soso da na yadi suka yi tashin gwauron zabo, sabon saitin kujeru ya fi ƙarfin mutane da dama. Shi ya sa kafintocin Bebeji da Kiru da Kwanar Dangora suke ta karɓar aikin gyaran tsofaffi, aikin da ni dai nake ganin ya fi ƙera sabuwa nuna gwaninta.

Wajen sayen tsohuwar kujera, kada yagaggen yadi ya tsorata ka, katako ka zo saya. Ɗaga ta ka ji nauyi. Kifa ta, ka farke ƙyallen ƙasa ka leƙa. In ka ga gari yana zuba daga ƙananan huji, ƙwaro ya riga ka, wuce kawai. Kujerun iyayenmu da aka yi da maɗaci su ne abin nema, don farin katakon yanzu ba ya riƙe ƙusa sau biyu. Dillaliya ta fi kowa sanin gidan da za a sayar, ita da take shiga lungu da saƙo, in kuma babu a kusa, akwai Kasuwar Rimi a Kano.

Kada a yage tsohuwar rigar. A cire ƙusoshi ɗaya bayan ɗaya, a farke ɗinki, kowane ƙyalle a yi masa alama da alli: hannun dama, baya, mazauni. Da su za a auna sabon. Gangar jikin a fesa mata maganin kuɗin cizo, ta sha rana sosai, a bi inda ya saki da gam da ƙusa. Sai a yanko roba daga tsohuwar taya, a ɗaure tsaye da kwance, a shimfiɗa buhu a kai. Inda za a kashe kuɗi ɗaya ne, soson mazauni, a sayi mai tauri. Tsohon soson ya isa baya da hannuwa.

Yadi daga Kantin Kwari ake samo shi, mai wayo kuma ragowar bandir yake tambaya. Ɗinki ba sai kafinta ba. Na ga mata a cikin gida da kekensu na ƙafa suna haɗa rigar kujera tsaf, da allura mai kauri da zare mai ƙarfi, kuɗin ya zauna a gida. A dai bar yatsa biyu na ɗinki, da faɗin tafin hannu na ja. In karan-miski ne, kwanciyar gashinsa ta fuskanci waje ɗaya, in ba haka ba kujera ɗaya ta fito kala biyu.

Ja shi ne aikin. A nan ake bambance maigida da yaron shago. Ba a farawa daga kusurwa. A kafa ƙusa guda a tsakiyar gaba, rabinta a waje don a iya zare ta, a ja zuwa baya a kafa wata, sannan dama da hagu. Daga tsakiya ake tafiya gefe, hannu ɗaya yana shafo yadin, ɗayan yana riƙe, ƙananan ƙusoshi a baki. Ka ja da yatsu biyu, soso ya yi rami-rami a gefe. Ka ja da sanyin jiki, kafin a yi suna rigar ta tattare kamar fatar gwiwa. Da tafin hannu gaba ɗaya ake ja, ƙarfi iri ɗaya. Leda kuwa in hunturu ne a ɗan shanya ta ta yi laushi.

Kan hannun kujera, inda ya lanƙwasa, nan zuciya take bugawa. Yadin ya fi wurin yawa, dole a naɗe shi ƙanana-ƙanana, duka suna kallon ƙasa don kada ƙura ta zauna. In naɗi biyar ne a dama, biyar ne a hagu. Inda katako ya tare hanya, a tsaga da bakin almakashi kaɗan, a gwada, a ƙara kaɗan. Almakashi in ya zarce, ba gam ba ɗinki, sai sabon yanka. Tsofaffin masu sana'a sukan yi shiru a daidai nan, ko gaisuwa ba sa amsawa sai sun kafa ƙusar ƙarshe.

Saura rufe ƙasa da baƙin ƙyalle, a goge ƙafafu da sanfefa, a shafa banish. Maigida ya zauna da ƙarfi, ya jijjiga, ya saurara ko za ta yi ƙara. In ba ta yi ba, ta yi.

Mai son koyo ya fara da kujerar zaman mutum ɗaya, ya bar doguwar tukuna. Kowace gangar maɗaci da aka ceto, bishiya ce aka bari a tsaye a dajin Falgore da makamantansa, kuma kujera ce da za a iya sake mata riga a karo na uku.