Darasi na 12: Tafiyar Ango da Amarya Daga Legas Zuwa Ƙasar Maraɗi

A wannan darasi za ka bi wani ango da amaryarsa daga birnin Legas zuwa wani ƙauye a Jamhuriyar Nijar. Za ka koyi sunayen garuruwan da ke kan hanya, da kalmomin tafiya, da yadda ake gai da manya. Karanta a hankali, sannan ka amsa tambayoyin da ke ƙarshe.

Dalilin tafiya

Idan ka taɓa shiga Agege, ka san Hausawa suna da yawa a can. Fataucin goro da na shanu ne ya kawo kakanninsu tun da daɗewa. Da yawa daga cikin matasan unguwar a Legas aka haife su. Suna jin Hausa da Yarabanci da Turanci, amma wasunsu ba su taɓa ganin garin kakanninsu ba.

Ango da amaryarmu suna cikin irin waɗannan matasa. A al'adar Hausawa, bayan an gama biki, ma'aurata sukan zaga dangi domin gaisuwa da godiya. Kakar amarya ba ta zo biki ba saboda tsufa. Tana zaune a wani ƙauye kusa da Madarunfa, kudu da Maraɗi. In ba su je ba, dangi za su ce 'ya'yan birni sun yar da zumunci, kuma amarya ce za ta sha kunya. Hausawa suna cewa zumunci a ƙafa yake. Saboda haka suka shirya tsaraba, wato goro da atamfa da sabulu da manja, suka zuba a motar ango.

Daga Ojota zuwa Katsina

Bayan sallar asuba suka bar Agege. Suka biyo ta Ojota, inda ake hawa babban titin Legas zuwa Ibadan, wanda aka buɗe a 1978. Hausawa suna kiran Ibadan da suna Badun. Daga nan suka wuce Oyo da Ogbomosho da Ilori. A Jebba suka haye gadar Kogin Kwara. Suka bi ta Mokwa, suka kwana a Bida, domin matafiyi mai hankali ba ya tafiyar dare. Washegari suka wuce Kaduna da Zariya da Funtuwa, suka isa Katsina. Tafiyar ta fi kilomita 1,000.

Lura da yadda ƙasa take sauyawa. A kudu akwai kurmi da itatuwan kwakwar manja. A tsakiya za ka ga kaɗanya da ɗorawa. Idan ka matsa arewa, sai kuka da gawo da goruba, ga gonakin gero da dawa har iyakar ganinka.

A bakin iyaka

Daga Katsina suka nufi Jibiya, garin da ke bakin iyaka. Ma'aikatan shige da fice suka duba fasfo ɗinsu, 'yan kwastan suka duba kaya da takardun mota. Duk mai niyyar wannan tafiya ya kamata ya tambayi halin da iyaka take ciki kafin ya tashi, domin akan rufe ta. Misali, an rufe ta a 2023, ba a buɗe ba sai a 2024.

Da suka shiga Ɗan Isa, garin farko a Nijar, sai suka ga allunan hanya da Faransanci. Dalili shi ne Ingila ce ta mulki Najeriya, Faransa kuma ta mulki Nijar, har ƙasashen biyu suka sami 'yancin kai a 1960. Amma mutanen da ke kasuwa Hausa suke yi. Iyakar ta raba gwamnatoci, ba ta raba dangi ba. Hasali ma, sarakunan Katsina da suka bar birninsu a zamanin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, su ne suka kafa sarautar Maraɗi. Har yau ana kiran sarkin garin Sarkin Katsinan Maraɗi.

Duk da haka, akwai abubuwa uku da za su iya rikita baƙo. Na farko, kuɗi. Naira sai an canja ta zuwa sefa, kuma da dala ake lissafi. Dala ɗaya sefa 5 ce, saboda haka idan mai gyaɗa ta ce maka dala ashirin, sefa 100 take nufi. Jaka ɗaya kuwa sefa 1,000 ce. Na biyu, kalmomin aro. A Nijar za ka ji ana cewa duwan maimakon kwastan, da lakwal maimakon makarantar boko. Na uku, karin harshe. Inda Bakano zai ce tafi da lafiya da fura, mutumin Maraɗi tahi da lahiya da hura yake cewa. Duk Hausa ce, kada ka yi wa kowa dariya.

A gidan kaka

Daga kwalta suka sauka kan hanyar yashi. Suka wuce rumbuna da rijiya da garken jajayen awaki, irin waɗanda Maraɗi ta yi suna da su. Yara suka yi ta bin motar da gudu. A ƙofar gida ango ya tsaya ya yi sallama, bai shiga ba sai da aka yi masa izini. Ya tuɓe takalma, ya durƙusa, ya sunkuyar da kai. Karanta hirar tare da abokinka.

Ango: Salamu alaikum.
Kaka: Amin, alaikumus salam. Maraba da mutanen Ikko! Kun zo lahiya?
Ango: Lafiya lau, Kaka. Mun same ku lafiya?
Kaka: Lahiya lau. Ina gajiya?
Amarya: Ba gajiya, Kaka. Su Baba da Inna suna gaishe ku.
Kaka: Muna amsawa. Ke kishiya, matsa can in ga angona!
Amarya: Kai, Kaka, ai kin tsufa da kishi!
Kaka: Allah ya ba ku zaman lahiya da zuri'a ɗayyiba.
Ango da Amarya: Amin, mun gode.

Ka lura da abubuwa biyu. Ango ya ce "mun same ku", ko da yake mutum ɗaya yake gaisarwa, domin "ku" alamar girmamawa ce. Sannan akwai wasa tsakanin kaka da jika. Shi ya sa tsohuwa ta kira jikarta kishiya, ita kuma ta mayar mata da wasa. Amarya ba za ta yi wa surukarta irin wannan magana ba.

Aka kawo musu ruwa da fura. Suka kwana uku suna zaga dangi gida-gida. Ranar komawa aka cika musu mota da gero da kuka da daddawa da zabi biyu. Tun daga ranar, duk ƙauyen ya san mijin 'yarsu, kuma shi ma ya san inda matarsa ta fito.

Sababbin kalmomi

Tsaraba: kyautar da matafiyi yake kai wa mutanen gida.
Iyaka: inda ƙasa ɗaya ta ƙare, wata ta fara.
Zumunci: ziyara da taimako tsakanin dangi.
Rumbu: wurin ajiye hatsi.
Kishiya: matar mijin mace.
Ikko: sunan da Hausawa suke kiran Legas.

Nahawu

Idan ana ba da labari, akan jera ayyuka da "suka", "ya", "ta" ko "aka". Misali: Suka bi ta Mokwa, suka kwana a Bida. Nemo wasu jimloli uku irin wannan a cikin darasin.

Tambayoyi

1. Me ya sa ango da amarya suka yi wannan tafiya?
2. Wane kogi suka haye a Jebba?
3. Sefa nawa ce dala hamsin?
4. Mene ne dangantakar Katsina da Maraɗi?
5. Me ango ya yi kafin ya gai da kaka?

Aikin gida

Rubuta jimloli goma a kan wata tafiya da ka taɓa yi daga birni zuwa ƙauye. Faɗi garuruwan da ka wuce, da tsarabar da ka kai, da yadda ka gai da manya.