Darasi na Goma Sha Biyu: Jan Ƙarfe

Karanta wannan bayani a tsanake, sannan ka amsa tambayoyin da ke biye.

Jan ƙarfe yana cikin ƙarafan da ɗan Adam ya fara sarrafawa. Launinsa ja ne mai ƙasa-ƙasa, daga nan kuma sunansa ya samo asali. Masana kimiyya sun ba shi alamar Cu da lamba 29 a jadawalin sinadarai. Ƙasar Chile ce kan gaba a duniya wajen haƙo shi. A Afirka kuwa, Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango da Zambiya ne suka yi fice.

Wannan ƙarfe yana da taushi. Maƙeri na iya buge shi ya zama falle, ana kuma jan sa ya zama siririyar waya ba tare da ya tsinke ba. Ba ya narkewa sai zafi ya kai kimanin digiri 1,085 a ma'aunin Salshiyas, kuma mayen ƙarfe ba ya kama shi. Zafi da lantarki suna ratsa shi cikin sauƙi. Wajen ɗaukar lantarki, azurfa kaɗai ta fi shi, ita kuwa tsada gare ta. Shi ya sa wayoyin wutar gidaje da na cikin fanka da janareta galibi na jan ƙarfe ne.

Jan ƙarfe ba ya tsatsa irin ta baƙin ƙarfe. Idan ya daɗe cikin iska mai laima, sai bayansa ya rikiɗe kore, wannan koren kuma shi ke kare cikinsa daga lalacewa. Idan aka narka shi tare da kuza ko tutiya, ana samun tagulla, wadda ta fi shi ƙwari. Da jan ƙarfe da tagulla maƙeran Igbo-Ukwu da Ife da Benin suka ƙera kayan tarihin da Nijeriya ke alfahari da su. Kalmar "kwabo" ma daga sunan wannan ƙarfe a Ingilishi aka aro ta.

Sanin waɗannan siffofi yana iya ceton rai. A kasuwa akwai wayar alminiyom da aka lulluɓe da jan ƙarfe kaɗan, ana sayar da ita da rahusa. Idan kaurinsu ɗaya, ta fi ta gaske saurin zafi, har takan jawo gobara. Mai saye ya kankare bakin wayar: in ya ga fari a ciki, to jabu ce. Hausawa sun ce araha ba ta ado.

Tambayoyi

1. Kawo siffofi uku na jan ƙarfe.
2. Me ya sa ba a yin wayar wutar gidaje da azurfa?
3. Yaya ake samun tagulla?
4. Ta yaya za ka gane wayar jabu?
5. Gina jimla da kowace kalma: maƙeri, laima, rahusa.