Idan Ta Buga Ƙofarku da Dare: Abin Yi da Abin Bari

Da iyaye nake, da maƙwabta, da masu unguwannin ƙasar Haɗeja, tun daga Kafin Hausa da Auyo har Guri da Birniwa. Ranar da matar da miji ya lakaɗa wa duka ta fito neman mafaka, ga abin da ya hau kanku.

A buɗe mata ƙofa. Kada a tambaye ta laifin da ta yi masa kafin a duba jikinta.

Kada a mayar da ita ɗakinta a daren. "Yi haƙuri, 'yar nan, haka aure yake" magana ce mai sauƙi a bakin wanda ba shi zai kwana a ɗakin ba. In ya taɓa shaƙe mata wuya, ko ya zare wuƙa, ko ya ce sai ya kashe ta, a ɗauki maganar da gaske: rai ne a kan siraɗi.

A kai ta asibiti, Babban Asibitin Haɗeja ko mafi kusa. Kada a tsaya ga kemis da gashin ruwan zafi, balle in tana da ciki. Ke kuma baiwar Allah, ki faɗa wa likita gaskiya, kada ki ce santsi ne ya kwashe ki a banɗaki. A roƙi a rubuta kowane rauni a kati, a ɗauki hoto, a adana rigar da ta yage. Kumburi yana sacewa, takarda tana nan.

In fyaɗe ne, ko ga 'yar riƙo, ko agola, ko 'yar aiki, kada a yi mata wanka, kada a wanke tufafinta. Maganin kariya daga cutar ƙanjamau sai an fara shi cikin awa 72. Akwai cibiyar kula da waɗanda aka yi wa fyaɗe a Babban Asibitin Dutse.

Kada a manta da damina. A Agusta da Satumba ruwa yana yanke ƙauyukan fadama, kamar yadda aka gani a ambaliyar 2022, kuma mace tana iya wayar gari ba hanyar gidan iyayenta. Wadda ta san halin mijinta ta ajiye katin ɗan ƙasa, katin awo da ɗan kuɗin mota a wurin maƙwabciyar da ta yarda da ita, ta riƙe lambar mai kwalekwale ko ɗan acaɓa. Lambar gaggawa ta ƙasa ita ce 112.

A kai rahoto wurin 'yan sanda, kuma kada a yarda a sallame ku da cewa maganar gida ce. Dokar hana cin zarafin jama'a ta fara aiki a Abuja a 2015, Gwamna Badaru Abubakar ya sa hannu a kan ta Jigawa a 2021. Dukan mata laifi ne a ƙarƙashinta, kuma kotu tana iya ba da umarnin kariya da zai hana mai dukan kusantar ta. Rashin kuɗin lauya ba hujja ba ce: akwai hukumar ba da lauya kyauta, da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam a Dutse, da ƙungiyar mata lauyoyi ta FIDA.

A batun raba aure ne zuciyata ta fi ƙuna. Sau da yawa uba yakan sayar da buhunan shinkafarsa ya mayar da sadaki don 'yarsa ta tsira, alhali ita aka cuta. Kada a yi gaggawar hul'i. A mazhabar Malikiyya, wadda kotunan Shari'armu suke bi, in cutarwa ta tabbata alƙali yana raba auren ba tare da ta biya ko sisi ba. Har shaidar abin da ya yaɗu a bakin maƙwabta ana karɓa. Don haka, Malam, kai da kake jin ihunta ta kan katanga, in an kira ka kotu ka je. Ɓoye shaida zunubi ne.

Kada a tsorata ta da ƙwace yara. Renon ƙananan yara bayan rabuwa haƙƙin uwa ne, ciyar da su kuma yana wuyan uba.

Sulhu yana da muhallinsa. Mai unguwa, liman da Hisba su sasanta rigimar cefane da ta kishi, amma karayar ƙashi ta wuce zaure. In ita da kanta ta zaɓi komawa, a saurare ta ita kaɗai tukuna, ba a gaban surukai ba, sannan a rubuta sharuɗɗa a gaban shaidu, a sa wanda zai riƙa leƙa ta.

Kada a watsa hotonta a Facebook ko WhatsApp. Yayyenta maza kuma su ajiye gora, don in suka fasa masa kai, su za a tsare, ƙararta kuma ta raunana.