Ba yaron inji ne ya fasa bokitin ba

Kwanakin baya wani mai ƙaramar masana'antar roba ya shigo ɗakin gwajinmu da buhun fasassun bokitai. Duk a gindin mariƙi suka tsage, wasu ko wata guda ba su yi a hannun masu saye ba. Shi ya riga ya yanke hukunci: yaron da ke kan inji ne yake cika wa kaya wuta, kuma sallamarsa zai yi.

Na ce, Alhaji, a ba ni zuwa la'asar.

Na gutsuro kamar miligiram 8, bai kai ƙwayar shinkafa ba, na rufe a ɗan kaskon alminiyam, na sa a na'urar DSC. Aikinta ta riƙa ƙara zafi digiri 10 kowane minti, tana auna zafin da robar ke sha. Inda roba ta narke, sai layi ya yi tudu a allo. Robar jarka, wato HDPE mai lamba 2, tana narkewa wajen digiri 130. PP mai lamba 5 sai wajen 165. Bokitin Alhaji tudu biyu ya nuna.

Ban tsaya nan ba, domin ɗumamawar farko tana ɗauke da tarihin abin da inji ya yi wa roba, musamman yadda aka sanyaya ta bayan zubi. Idan an gaggauta, ƙwayoyinta ba sa samun sukunin jeruwa, kuma hakan yakan fito a girman tudun. Sai na sanyaya ta a hankali, na sake ɗumamawa, don wancan tarihin ya goge, asalin kayan ya rage. Tudu biyun suna nan daram.

Ke nan tun wurin markaɗen tsohuwar roba aka haɗa iri biyu. A ido kamarsu ɗaya bayan narkewa, amma ba sa kama juna da kyau, kuma ta wannan gaɓar tsagewa ke bi. Abin da ke ruɗin masu tattara tsohuwar roba shi ne gwajin ruwa: gorar ruwa ta PET da bututun PVC suna nutsewa, amma lamba 2 da lamba 5 duk tasowa suke yi. Don Allah a duba lambar da ke gindin kaya kafin a zuba a injin markaɗe.

Yaron yana nan kan injinsa. Alhaji kuwa ya ɗauki mata biyu suna ware kaya a bakin ƙofa.