Banki Ya Yi Gwanjon Gidana, Bashi Ya Ƙare?

Tambaya: Malam, ina zaune a Bronx, New York. Banki ya yi gwanjon gidana, kuɗin bai biya bashin duka ba. Za su biyo ni da ragowar?

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya mayar maka da alheri. A dokar New York, banki na iya roƙon kotu ta ɗora maka ragowar, amma sai ya nema cikin kwana 90 da miƙa wa mai saye takardar gidan. Idan darajar gidan a kasuwa ta fi kuɗin gwanjo, da ita kotu za ta yi lissafi, ragowar ta ragu. In takardar kotu ta iso, kada ta kwana cikin aljihunka, ka kai wa lauya. In kun sasanta da banki, a rubuta yafiyar bashin, a sa hannu. Akwai lauyoyin da ke taimaka wa marasa ƙarfi kyauta, ka neme su makon nan.