Zama Kusa da Mai Wahalar Haɗiya Lokacin Cin Abinci

'Yan'uwa, a gidajenmu da yawa akwai tsoho ko tsohuwa da cin abinci ya zame musu wuya, musamman bayan shanyewar ɓarin jiki ko ruɗewar tsufa. Ajiye musu kwano a tafi gona bai isa ba. Dole babban mutum ya zauna da su har su gama.

Me ya sa?

Hanyoyi biyu ne a wuyan mutum: ɗaya ta abinci zuwa ciki, ɗaya ta numfashi zuwa huhu. In muka haɗiye, hanyar numfashi takan rufe da kanta. In jiki ya raunana, ba ta rufewa da kyau, sai ruwa ko abinci ya bi ta huhu. Wannan yakan kawo ciwon huhu, wanda ke iya kisa. Wasu ma ko tari ba sa yi lokacin da abin ke faruwa.

Alamun da za a lura da su

• Tari ko ƙwarewa lokacin ci ko sha
• Murya ta canza kamar akwai ruwa a maƙogwaro
• Dalalar yawu, ko abinci ya taru a kumatu
• Rama, da zazzaɓi a kai a kai

Abin da mai ba da abinci zai yi

• A zaunar da Baba ko Mama a miƙe, kai ya ɗan sunkuya gaba. Kada a ba su a kwance ko suna gyangyaɗi.
• A ba su kaɗan-kaɗan da ƙaramin cokali, a jira su haɗiye kafin a ƙara. Kada a yi musu ɗura.
• A zaɓi abinci mai laushi: kunu mai kauri, fate, ayaba ko dankali da aka dama, tuwo mai taushi da miyar kuka. A guji gyaɗa, guguru, nama mai tauri da kifi mai ƙaya.
• Tsinkakken ruwa ya fi saurin ƙware mutum. Kada a hana su sha, amma a ba su kurɓi-kurɓi.
• Bayan ci, a wanke musu baki, su ci gaba da zama na minti 30.
• A tambayi ma'aikacin lafiya kafin a niƙa ƙwayar magani.

In abinci ya shaƙe mutum

In yana iya tari, a bar shi ya yi. In ya kasa magana ko numfashi, a sunkuyar da shi, a buga tsakanin kafaɗunsa da ƙarfi sau 5. In bai fita ba, a rungume shi ta baya, a danna saman cibiya ciki da sama sau 5. A maimaita, wani kuma ya nemo abin hawa zuwa asibiti. Kada a ba shi ruwa.

Tattaunawa

• Su wa ke fama da haka a ƙauyenmu? Wa ke zama da su lokacin aikin gona?
• Yaya zumuntar mata da matasa za su raba kwanaki don mai jinya ya sami hutu?