Me Ƙirƙirarriyar Basira Za Ta Tsinana wa Ƙaramar Ƙasar Tsibiri?

Tambayar wannan makon ta fito ne daga wata ɗaliba a Zariya. Ta ce duk sanda ake zancen ƙirƙirarriyar basira, wadda ake taƙaita sunanta da AI, sunan Amurka da Sin take ji, sai kuma kamfanonin da dukiyarsu ta fi kasafin kuɗin wasu ƙasashe. Kwatsam sai ta ji ana cewa wai ƙananan ƙasashen da ke tsibirai a tsakiyar teku su ma za su ci moriyarta. Shi ne take tambaya: ƙasar da jama'arta ba su kai na ƙaramar hukuma guda ba, me za ta yi da irin wannan fasaha? Anya ba ɗan aikin da ke hannun mutanen ƙasar za ta ƙwace ba?

Madalla da wannan tambaya, 'yata, Allah ya ƙara fahimta. Bari mu soma da share fage. Mutane da yawa in sun ji sunan abin, mutum-mutumi suke hangowa yana tafiya yana magana, kuma ba laifinsu ba ne, finafinai ne suka jawo. Ainihin abin manhaja ce, wato tsarin umarnin da kwamfuta ke bi, wadda aka nuna wa misalai masu ɗimbin yawa har ta iya gane kama da bambanci da kanta. A nuna mata hotunan jiragen ruwa dubu-dubai, gobe in ta ga sabon hoto sai ta ce ga jirgi can. Kuma ƙera irin manya-manyan manhajojin nan daban, amfani da su daban. Ƙerawar ce ke cin biliyoyin daloli da wutar lantarki mai yawa, ita ce ta manyan ƙasashe. Amfani kuwa, ƙaramar ƙasa ma tana iyawa, wani lokacin ma ta fi babba bukata.

Don kada zancen ya tsaya a iska, mu ɗauki ƙasa guda ta Afirka, wato Seychelles. Tarin tsibirai 115 ne a Tekun Indiya, kimanin kilomita 1,600 gabas da gaɓar Kenya, babban birninta Victoria a tsibirin Mahe, ta samu 'yancin kai daga Ingila a 1976. Masu karatunmu na Kumasi sun san sunan, domin can ne Turawa suka kai Sarkin Asante Prempeh na Ɗaya zaman gudun hijira a 1900. Jama'arta 100,000 ne da 'yan kai, ƙaramar hukumar Sabon Gari da ke nan kusa da ke ta ninka su. Tudun ƙasar duka bai wuce murabba'in kilomita 460 ba.

To amma ga inda lissafin ke juyawa. Yarjejeniyar teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1982 ta ba kowace ƙasa ikon kifi da sauran arzikin ruwa har nisan mil 200 na teku daga gaɓarta, wato wajen kilomita 370. Da yake tsibiran Seychelles a warwatse suke, wasu kamar Aldabra sun fi kilomita 1,000 daga Mahe, sai ruwan da ke hannunta ya haura murabba'in kilomita miliyan 1.3. Ya fi faɗin Jamhuriyar Nijar kenan, balle Najeriya. Saboda haka kada ki kalle ta a matsayin ƙaramar ƙasa kawai. Gona ce makekiya wadda masu ita kaɗan ne, kuma abin da suka fi rashi shi ne idon da zai duba musu ita.

Arzikin wannan ruwa kifin tuna ne. Manyan jiragen kamun kifi na Sifaniya da Faransa a tashar Victoria suke sauke kaya, akwai babbar masana'antar sa kifi a gwangwani a can, kuma hedikwatar hukumar kula da tuna ta Tekun Indiya ma a birnin take. Daga yawon buɗe ido sai kifi a abin da ƙasar ke ci. A 2020 gwamnati ta sanar da keɓe kashi 30 cikin 100 na ruwanta don kare halittun ciki, bayan wata yarjejeniya da aka sauƙaƙa mata bashi a kan sharaɗin kula da teku. Keɓewa a takarda abu ne mai sauƙi. Wa zai tsare? 'Yan jiragen sintirin da ƙasar ke da su ba za su kewaye wannan ruwa ba ko da man fetur kyauta ne, kuma an sha kama jiragen waje, har da na Sri Lanka, suna kamun kifi ba izini.

A nan ne fasahar ta fi nuna kanta. Manyan jiragen ruwa suna ɗauke da wata na'ura da ake kira AIS, wadda ke shelar sunan jirgi da inda yake da saurinsa a kai a kai, asali don kada jirage su yi karo. Taurarin ɗan'adam suna tsintar wannan shela, miliyoyin saƙonni kowace rana, abin da ba ma'aikacin da zai iya karantawa. Manhaja kuwa tana bin sawun kowane jirgi kamar yadda gwanin makiyayi ke duban ƙasa ya ce nan shanu wucewa suka yi, nan kuwa sun tsaya sun yi kiwo. Jirgin dakon kaya miƙewa yake yi ɗoɗar da sauri ɗaya. Mai shimfiɗa doguwar igiyar ƙugiyoyi yana tafiya ya dawo ta kan sawunsa a hankali. Mai babbar koma kuwa da'ira yake yi ya kewaye garken kifi, sannan ya tsaya cak yana ja. Jirage biyu da suka haɗu a tsakiyar teku suka daɗe gefe da gefe, akwai alamar ana juye kifi daga wannan zuwa wancan don a kauce wa bincike a tasha. Wata ƙungiya mai suna Global Fishing Watch, wadda Google da Oceana da SkyTruth suka buɗe taswirarta a 2016, tana yin wannan aiki, kuma kowa na iya dubawa a intanet ba tare da biyan ko kwabo ba.

Za ki ce ai ɓarawo kashe na'urar zai yi. Haka ne, kuma suna kashewa. Shi ya sa ake haɗawa da hotunan wasu taurarin masu amfani da rada, wato na'urar da ke aika igiyar rediyo ta bugi abu ta dawo, wadda duhun dare ko gajimare ba sa hana ta ganin ƙarfen jirgi. Manhaja ta ƙirga jiragen da ke cikin hoton, ta gwada da waɗanda suka yi shelar kansu, duk wanda ya rage shi ne abin tambaya. Binciken da masanan wannan ƙungiya suka wallafa a mujallar Nature a Janairun 2024, bayan sun tace hotunan 2017 zuwa 2021, ya nuna kusan kashi 75 cikin 100 na manyan jiragen kamun kifi na duniya ba sa fitowa a taswirar da jama'a ke gani. Ba duka ne ɓarayi ba, wasu doka ba ta tilasta musu na'urar ba. Amma ga kwamandan da ke da jirgin sintiri ɗaya da man kwana uku, sanin inda zai dosa ya fi masa komai.

Sai dai a yi hattara, domin masu tallar fasaha sukan tsaya a nan su yi shiru. Manhaja gani take yi, ba ta kamu. Sai jirgi ya fita, jami'i ya hau ya duba ma'ajiyar kifi, an ja jirgin zuwa tasha, alƙali ya karɓi shaida. Ƙananan kwale-kwalen katako ko na roba ma sukan sulluɓe wa rada. Ni a ganina, ƙasar da ta sayi manhaja ta bar jirginta ba mai, ta dai sayi hanyar kallon yadda ake yi mata sata ne a kan allo.

Ƙarƙashin ruwan ma akwai aiki. Murjani, wanda mu a nan muka sani a wuyan amare, a can halitta ce mai rai da ke gina duwatsu a cikin teku, kifi na hayayyafa a ciki, kuma shi ke karya ƙarfin igiyar ruwa kafin ta iso gaɓa. In ruwa ya ɗau zafi sai ya yi fari ya mutu. A 1998 Seychelles ta yi asarar kusan kashi 90 cikin 100 na murjanin tsibiranta na tsakiya, a 2016 kuma abin ya sake dawowa. Da, mai nutso zai ɗauko hotuna, masani ya zauna makonni yana ƙirga mai rai da matacce. Yanzu manhaja na yin ƙirgar cikin ɗan lokaci, masanin ya samu sararin tunanin inda za a dasa sabo da inda za a hana jefa anga. Ba za ta sanyaya tekun ba, wannan yana hannun ƙasashen da ke hura hayaƙi.

Hasashen yanayi shi ma ya canja. Tsohuwar hanyar tana bukatar katafariyar kwamfuta da ke lissafin iska da zafi na awanni, wadda ƙananan ƙasashe ba su da ita. A ƙarshen 2023 sashen DeepMind na Google ya fitar da manhajar GraphCast, wadda ta koyi yanayi daga bayanan shekaru kusan 40, tana ba da hasashen kwana 10 cikin ƙasa da minti ɗaya, kuma cibiyar hasashen yanayi ta Turai ta fara aiki da irin tata a 2025. Ga ƙasar da guguwar Fantala ta ragargaza tsibirinta na Farquhar a Afrilun 2016, ambaliya kuma ta yi ɓarna a Mahe a Disamban 2023, gargaɗin kwana biyu ba ƙaramin abu ba ne. Amma waɗannan manhajoji suna duban duniya ne a murabba'ai masu faɗin wajen kilomita 25, Mahe kuwa duk tsawonsa bai kai kilomita 30 ba, ga duwatsu. Ruwan da zai sauka a wannan kwari ya bar wancan, har yanzu sai ma'aikacin gida da ma'aunin ruwansa.

Batun lafiya gajere ne. Ƙasa mai mutum 100,000 ba za ta riƙe ƙwararren likita na kowane fanni ba, shi ya sa gwamnati ke tura wasu majinyata waje, irin su Indiya. Tun 2018 Amurka ta amince da wata manhaja da ke duba hoton cikin ido ta gano ɓarnar ciwon suga. Ma'aikaciyar jinya a ƙaramin tsibiri za ta iya ɗaukar hoton, a tantance wanda lallai sai ya ga likita, a hutar da saura kuɗin jirgi.

Yanzu ga tsoronki na ƙwace aiki. A ƙasa mai tarin matasa marasa aikin yi, tsoron yana da tushe. Seychelles kuwa matsalarta ta sha bamban, hannaye ne ba su isa ba, har otal-otal da gine-gine da masana'antar kifi sun dogara da ma'aikata daga waje. A ofishin gwamnati, mutum ɗaya kan riƙe abin da a babbar ƙasa sashe guda ke yi. In manhaja ta ɗauke masa tantance takardun kwastan ko taƙaita dogon rahoto, ba korarsa aka yi ba. Wannan ba ya nufin ba wanda zai ji jiki. Masu aikin rubuce-rubuce da karɓar waya a kamfanonin yawon buɗe ido za su ga canji, kuma ƙasa mai hankali tun yanzu za ta fara sake horar da su. Maƙwabciyarta Mauritius ta fitar da tsarin ƙasa kan wannan fasaha tun 2018.

Abin da ya fi damuna ba aikin ba ne, dogaron ne. Kusan duk waɗannan manhajoji a kwamfutocin wasu ƙasashe suke zaune, ana isa gare su ta wayar intanet da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku. Sai a 2012 Seychelles ta samu wayarta ta farko, daga Dar es Salaam, kuma ta shafe kusan shekara goma da ita kaɗai kafin a ƙara wata. Abin da ya samu Tonga, can a Tekun Pasifik, ya isa darasi: a Janairun 2022 dutse ya yi aman wuta a teku, wayarta tilo ta tsinke, ƙasar ta yi kusan mako biyar kafin a gyara, daidai lokacin da ta fi bukatar magana da duniya. Wutar lantarkin Seychelles ma akasarinta da man da aka shigo da shi ake samarwa. Sannan akwai tambayar mallaka. Bayanan inda kifi ke taruwa dukiya ce. In kamfanin waje ya tattara su kyauta, ya sayar wa jiragen ƙasarsa, fasahar da aka kawo don tsare kifin ita za ta nuna wa masu kwasa hanya. Dole kwangila ta fayyace wa ke da bayanan, ina ake ajiye su, kuma 'yan ƙasa nawa za a koya wa aikin.

Akwai kuma harshe, wanda a nan labarinsu ya taɓo namu. Turanci da Faransanci harsunan hukuma ne a can, amma abin da masunci ke ji a gida shi ne Seselwa, harshen da ya tsiro daga Faransanci, wanda shi ma na hukuma ne. Manhaja tana ƙwarewa ne gwargwadon rubutun da ta samu, Seselwa kuwa rubutunsa a intanet kaɗan ne. Manhajar fassara ta Google ta sa Hausa tun 2013, ita Seselwa sai a 2024 ta shiga. Ke da kike gwada fassarar Hausa a wayarki kin san yadda takan yi tuntuɓe, alhali masu jin Hausa miliyoyi ne. Don haka in ana son gargaɗin guguwa ya isa ga masunci da muryar da yake ganewa, sai malaman makaranta da 'yan jarida da gidan rediyon ƙasar sun tara rubutu da sautin Seselwa sun ciyar da manhajar, domin kamfanin waje ba zai ga riba a harshen mutum 100,000 ba.